Yadda za ka auna mujallar tarihi da hannunka kafin ka ba ta maƙalarka

Wani ƙanena da ke digiri na biyu a fannin tarihi ya same ni bayan isha'i a Agege, ina zaune wajen mai shayi kusa da layin dogo. Ya miƙo mini wayarsa yana fara'a, ya ce, "Yaya, duba, sun karɓa." Wasiƙa ce daga wata mujalla mai dogon suna da tambari kala-kala, tana sanar da shi cewa an amince da maƙalarsa kwana huɗu kacal bayan ya aika, kuma wai ma'aunin tasirinta, wato matsakaicin yawan kafa hujja da maƙalunta da wasu masu bincike ke yi, ya haura 7. Abin da ya rage masa kawai ya biya kuɗi da dala. Yaron nan ya fi shekara yana bin tsofaffin 'yan goro na Agege gida-gida yana ɗaukar hirarsu, wasu ma sun rasu bayan ya naɗi muryarsu. Zuciyata ta sosu da na ga inda yake shirin zuba wannan wahalar. Manyan mujallun tarihi na duniya ba su kusanci 7 ba, da yawansu ma ƙasa da 1 suke.

Na ce masa kada ya biya ko sisi, ya zo gida ranar Asabar da kwamfutarsa. Abin da muka yi a ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, don ɗalibi ko malamin da ke son sanin nauyin wata mujalla: nawa take fitarwa, wa yake karanta ta, wa yake kafa hujja da ita. Kayan aikin ba su da yawa. Kwamfuta mai caji, data mai ɗan auki, jadawalin Excel, da haƙuri na yini guda ko biyu.

Fara da tabbatar da wace ce

Kafin ƙidaya, ka san wadda kake ƙidayawa. Rubuta cikakken sunan mujallar harafi da harafi, da lambarta ta ISSN, wato lambar shaidar mujalla mai lamba takwas, da sunan wanda yake buga ta, da shekarar da ta fara fita. Shiga shafin ISSN na duniya ka zuba lambar, ka ga ko sunan da ya fito ya dace da wanda ke hannunka. A Najeriya, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da wannan lamba. Dalilin wannan mataki shi ne akwai masu satar suna: su ɗauki sunan tsohuwar mujalla mai mutunci, su buɗe mata shafin bogi, su riƙa karɓar kuɗi. Wasu kuma su ƙara kalma ɗaya a kan sanannen suna, mai gaggawa ba zai lura ba.

Sannan ka duba jerin editoci. Ɗauki mutum uku a ciki, ka nemo shafukansu a jami'o'in da aka ce suna aiki, ka ga ko su da kansu sun ambaci mujallar. A ta ƙanena, mun tarar da masanin kimiyyar magunguna da injiniya a cikin waɗanda za su tantance maƙala a kan fataucin goro. Daga nan ma an gama magana, amma na ce mu ci gaba da wasu mujallun na ƙwarai, don ya koyi awon.

Mun ɗauki uku. Journal of African History, wadda Roland Oliver da John Fage suka fara a 1960, Jami'ar Kambirij ke buga ta. Journal of the Historical Society of Nigeria, wadda ta fara fita a 1956, shekara guda bayan Kenneth Dike da abokan aikinsa sun kafa ƙungiyar masana tarihi ta ƙasa a Ibadan. Sai Lagos Historical Review ta sashen tarihi na Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda ake samu a AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet. Ka yi haka kai ma: kada ka auna mujalla ita kaɗai, ka haɗa ta da biyu ko uku na fanninta. Lamba ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da 'yar'uwarta.

Ƙidaya abin da ta fitar

Zaɓi shekara goma a jere. Buɗe jadawali, kowace maƙala da layinta: shekara, kundi, fitowa, sunan marubuci, jami'arsa, take, yawan shafi, zamanin da maƙalar ta shafa, da yankin ƙasa. Aikin yana da gajiyarwa, amma shi ne ginshiƙin komai, domin duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan adadin za a raba shi.

Ka ware maƙalar bincike daban da sauran abubuwa. Mujallun tarihi suna cike da sharhin littattafai, da ta'aziyyar malamai, da gabatarwar edita, wani lokaci sharhin littattafan ma ya fi maƙalun yawa nesa ba kusa ba. Idan ka zuba su duka a ƙwarya ɗaya, za ka kumbura yawan abin da ta fitar, sannan ka durƙusar da matsakaicin ambatonta, domin ba kasafai ake kafa hujja da sharhin littafi ba.

Da ka gama, abubuwa za su fara bayyana da kansu. Shin tana fita a kan kari? Journal of African History ta daɗe tana fita sau uku a shekara. Da yawa daga namu na gida sukan yi alkawarin sau biyu, sai ka ga an haɗe shekara biyu ko uku a kundi guda, ko an yi shiru na tsawon lokaci. Ba na gaggawar zargin editoci a kan wannan, na san yadda matsin tattalin arziki na shekarun 1980 da 1990 ya karya mujallu da dama a jami'o'inmu, takarda ta yi tsada, malamai suka watse. Amma kai mai neman ƙarin girma ko mai jiran kare kundi, dole ka san ko maƙalarka za ta kwana shekara biyu a layi. Duba kuma ko akwai tsalle na ban mamaki, mujallar da ta saba fitar da maƙala goma sha biyu a shekara ta wayi gari tana fitar da ɗari. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa alama ce ta an sassauta tantancewa saboda kuɗin bugawa.

Layin jami'o'in marubuta shi ma yana magana. Idan kashi mafi yawa daga sashe ɗaya suke, har da editan kansa a kusan kowace fitowa, to mujallar ta cikin gida ce, ko da an rubuta "ta ƙasa da ƙasa" a bangonta.

Ina aka yi mata rajista

Wannan mataki ba ya cin lokaci. Kada ka yarda da tambarin da ke shafin mujallar, je ka tushe. Scopus, rumbun rajistar mujallu da ƙidayar ambato na kamfanin Elsevier, wanda aka buɗe a 2004, yana da shafin neman mujallu kyauta, yana kuma da jerin waɗanda ya kora. Duba duka biyun, don akwai masu ci gaba da tallar rajistar da aka riga aka soke. Kamfanin Clarivate, mai wani rumbun irinsa da ake kira Web of Science, shi ma yana da babban jerin mujallunsa da kowa zai iya bincikawa. Ga DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta, ga AJOL na mujallun Afirka wanda ya fara a 1998, wanda kuma yake ba mujallu taurari daga ɗaya zuwa uku gwargwadon tsarin aikinsu. Ga JSTOR, inda tsofaffin fitowar mujallar ƙungiyar tarihi ta Najeriya suke. Yi amfani da lambar ISSN wajen nema, ba suna ba.

Rashin samun mujalla a Scopus ba ya nufin ba ta da daraja. Yana nufin dai na'urorin ƙidaya na can ba sa ganin ta. Amma tunda jami'o'i da dama a ƙasar nan suna tambayar wannan rajista wajen ƙarin girma, ka karanta ƙa'idar jami'arka tukuna, ka san abin da kwamiti zai ƙirga maka.

Lambobin da ake yayatawa, da abin da suke aunawa

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne ake ruɗa mutane.

Ma'aunin tasiri da aka fi sani, wanda ake kira imfak fakta, Eugene Garfield ne ya kawo tunaninsa a Amurka, kuma tun 1975 ake fitar da shi kowace shekara a rahoton da yanzu yake hannun Clarivate. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ce ana son na 2024: sai a ƙidaya sau nawa aka ambaci maƙalun da mujallar ta buga a 2022 da 2023 a cikin shekarar 2024, a raba da yawan maƙalun waɗannan shekaru biyu. A ce ta buga 40, an ambace su sau 20, ma'auninta 0.5 ke nan. Clarivate kaɗai ke bayar da wannan lamba. Duk wani kamfani da ya ba mujalla "ma'aunin tasiri na duniya" bayan an biya shi, takardar banza ce. Irin wannan ce aka liƙa a wasiƙar ƙanena.

Ka lura da tagar: shekara biyu. An yanka ta ne daidai da fannonin kimiyya, inda ake buga sakamako yau, a kafa hujja da shi kafin shekara ta zagayo. Tarihi ba haka yake tafiya ba. Mutum ya karanta maƙalarka bana, ya tafi ɗakin adana takardu na Kaduna ko Ibadan ko Inugu ya yi shekara biyu, ya rubuta littafi a shekara uku, madaba'a ta riƙe shi shekara guda. Ranar da sunanka zai bayyana a ƙasan shafinsa, tagar ta rufe tuntuni. Ƙari a kan haka, masana tarihi a littafi suka fi zuba babban aikinsu, kuma waɗannan rumbuna ba su ƙware wajen karanta littattafai ba, balle kundayen digiri da ke jere a kantocin jami'o'inmu. Mujallun da ke rukunin adabi da fasaha kaɗai a Web of Science ma sai a 2023 aka fara ba su wannan ma'auni.

Duk wanda ya tashi a Agege ya san bambancin sabon goro da daushe. Sabo yana da kyan gani da ruwa a jiki, amma wanda ya san goro, daushe yake nema, wanda ya kwana a huhu aka yi ta sauya masa ganye har ya kama. Maƙalar tarihi ta ƙwarai daushe ce. Abdullahi Smith ya buga maƙalarsa a kan jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma a mujallar ƙungiyar tarihi ta Najeriya a 1961, ya kuma buga ta kafuwar dauloli a ƙasar Hausa a 1970, inda ya tuhumi yadda ake ɗaukar labarin Bayajida a matsayin asalin sarautun Hausa. Har gobe wanda zai yi rubutu a kan waɗannan batutuwa sai ya bi ta kansu, ko ya yarda ko ya yi jayayya. Ma'aunin shekara biyu ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan ambato na fiye da rabin ƙarni.

Scopus yana da nasa, CiteScore, wanda ya fito a 2016, kuma tun 2020 yake amfani da tagar shekara huɗu. Ya ɗan fi sauƙi a kanmu, amma har yanzu gajere ne. SCImago, wata ƙungiyar bincike a Sifaniya, tana ɗaukar bayanan Scopus ta fitar da SJR, wanda yake ba ambaton da ya fito daga babbar mujalla nauyi fiye da na ƙarama, sannan ta kasa mujallun kowane fanni gida huɗu, daga Q1 na sama zuwa Q4 na ƙasa. Shafinta kyauta ne. A ganina wannan kason ya fi amfani ga ɗan tarihi fiye da tsurar lamba, domin yana gwada mujallar tarihi da 'yan'uwanta ne, ba da ta likitanci ba. Sai dai ka duba a wane fanni aka ba ta matsayin, don mujalla ɗaya tana iya zama Q1 a tarihi, Q3 a wani fannin, kuma matsayin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Sai ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Ka jera maƙalun daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce ambatonsu 30, 18, 9, 6, 5, 3, 1, 0. Sauka kana ƙirga: ta biyar tana da 5, ta shida tana da 3, wanda bai kai shida ba. To h ɗinta 5, wato tana da maƙala biyar da kowacce aka ambata aƙalla sau biyar. Kyansa shi ne maƙala ɗaya tilo mai farin jini ba ta iya ɗaga shi. Aibinsa shi ne yana fifita tsohuwa da mai yawan fitarwa, don haka kada ka gwada h na mujallar 1956 da na wadda aka fara bayan 2000 sai ka yanka musu shekaru iri ɗaya. Google Scholar yana fitar da irinsa na shekara biyar, amma ba ya saka mujallar da ba ta buga maƙala 100 ba a waɗannan shekaru, kuma yawancin mujallun sassan tarihi ba sa kai wannan adadi. Idan ba ka ga taka a can ba, ƙanƙanta ce ta hana, ba lallai rashin inganci ba.

Yanzu ka ƙidaya ambaton da kanka

Gani ya kori ji. Sauke manhajar Publish or Perish, wadda Anne-Wil Harzing ta samar, kyauta ce. Zaɓi Google Scholar a matsayin tushe, rubuta sunan mujallar a gurbin sunan mujalla, saka shekarun da ka zaɓa. Za ta zubo maka maƙalun da yawan ambaton kowacce, ka kwashe zuwa jadawalinka. Google Scholar ba ya ba da fiye da sakamako 1000 a nema ɗaya, kuma idan ka matsa masa da tambaya a jere zai tsayar da kai na wani lokaci, don haka ka riƙa nema shekara biyu-biyu, kana hutawa a tsakani. Ka adana aikinka bayan kowane nema. Mu sau biyu aka ɗauke wuta a ranar, na biyun ya tafi da aikin kusan awa guda.

Abin da zai fito maka ɗanye ne, sai ka tsince shi kamar shinkafa. Maƙala ɗaya za ta iya bayyana sau uku: ɗaya da cikakken sunan mujallar, ɗaya da gajeren suna kamar JHSN na mujallar ƙungiyar tarihi ta Najeriya, ɗaya da sunan da aka gutsure. Haɗe su. Sunayen marubuta ma haka. Maƙalar 1961 da na ambata da sunan H.F.C. Smith ta fito, ta 1970 kuma da Abdullahi Smith, domin ya musulunta a tsakani. Na'ura tana ɗaukar su mutum biyu. Mu kuma namu sunayen sun fi shan wannan wahala: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, mutum ɗaya ne, wani a saka sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, wani a jefar da shi, ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma wasu alamomi marasa kan gado. Nemi kowane marubuci da duk siffofin sunansa. Sannan ka gwada abin da ka samu da jerin da ka rubuta da hannu a mataki na biyu. Duk maƙalar da ke jerinka amma ba ta fito ba, ka neme ta da takenta. Idan har yanzu babu, rubuta mata sifili amma ka sa mata alama, domin akwai bambanci tsakanin wadda ba a ambata ba da wadda na'ura ba ta san da ita ba.

Ka maimaita neman a OpenAlex, rumbun kyauta da aka buɗe a 2022, da Scopus idan ɗakin karatun jami'arka yana da rajista. Lambobin za su bambanta, na Google Scholar ya fi yawa kusan kullum, saboda yana haɗawa da littattafai da kundaye da takardun taro, har da tarkace. Kada ka gauraya su. Kowane tushe da nasa layin, da ranar da ka ɗauko.

Daga nan sai lissafi, kuma abu huɗu nake fitarwa. Jimillar ambato a raba da yawan maƙalu. Sai na tsakiya: ka jera su daga babba zuwa ƙarami, ka ɗauki wadda ta faɗo tsakiyar layi. Wannan ya fi gaya maka gaskiyar abin da maƙala irin taka za ta samu, domin a kowace mujalla 'yan maƙalu kaɗan ne ke kwashe mafi yawan ambato, su ja matsakaicin sama. Sai kason waɗanda ba a taɓa ambata ba bayan shekara biyar da fitowarsu. Sai ma'aunin h na shekarun da ka yanka. Kada ka saka maƙalun shekara uku na baya-bayan nan a hukuncinka, ba su nuna ba tukuna.

Karanta masu ambaton

Wannan mataki shi ne wanda na'ura ba za ta yi maka ba, kuma shi na fi ba muhimmanci. Ɗauki maƙala goma da aka fi ambata, ka latsa jerin waɗanda suka ambace su, ka buɗe aƙalla biyar a kowacce. Nemo wurin da aka kawo sunan, ka karanta sakin layin gaba ɗaya.

Za ka ga ambato iri-iri ne. Akwai wanda ya ɗora gininsa a kan hujjar maƙalar. Akwai wanda ya zo ya rushe ta, kuma a tarihi wannan ma daraja ce, don ba a ɓata tawada a kan abin da bai isa ba. Akwai wanda ya ɗebi bayani kawai, kwanan wata ko adadin buhunan goro da aka yi lodi a tasha. Akwai kuma na ado, inda aka jera suna goma a ƙasan shafi ba tare da alamar an buɗe ko ɗaya ba. Lamba tana ƙirga su duka ɗaya-ɗaya, kai ne za ka san wanne ya fi nauyi.

Ka kuma duba daga ina suke. Idan marubucin ne ke ambaton kansa, ko maƙalun mujallar ne ke ambaton juna, cire su ka sake lissafi ka ga abin da ya rage. Ambaton kai kaɗan ba laifi ba ne, mai bincike a kan Hausawan Legas dole ya koma kan aikinsa na baya. Amma idan rabin ambaton daga gida yake, ko ka ji edita yana sharɗanta wa marubuta su ambaci mujallarsa kafin a buga musu, ka yi nesa. Abin da kake son gani shi ne bazuwa: wani daga Zariya, wani daga Legon a Gana, wani daga Landan, wani ɗalibi a Yamai, masanin tattalin arziki ko na addini da ya tsallako daga fanninsa.

Kada ka tsaya a intanet. Saka taken maƙalar a Google Books, za ka tsinci littattafan da sauran rumbunan suka tsallake. In kana da hali, je ɗakin karatun Jami'ar Legas a Akoka ko na Jami'ar Jihar Legas a Ojo, ka ɗauki kundayen digiri na uku guda goma na tarihi, ka buɗe manazartarsu, ka yi ƙirgen sau nawa kowace mujalla ta fito. Na taɓa yin wannan da fensir da takarda, na tarar mujallun gida da ba su da wata lamba a duniya su ne ɗalibai suka fi jingina da su. Wannan tasiri ne na gaske, a kansa ake horar da masu koyar da 'ya'yanmu, kuma ya cancanci a rubuta shi a rahoto.

Idan kai ne edita

Wasu masu karanta wannan su ne ke riƙe da mujallar sashensu, kuma ina da magana da su, domin abin yana ci mini rai. Rabin ƙarancin ambaton mujallunmu ba daga ingancin aiki yake ba, daga ɓuya yake. An buga kwafi ɗari biyu ko uku, an raba wa marubuta, sauran suna cikin kwali a ofishin shugaban sashe, damina da laimar Legas suna cin su. Wanda bai gani ba, ta yaya zai ambata?

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. A saka kowace maƙala a fayil nata daban, ba kundin gaba ɗaya a dunƙule ba, kuma rubutun ya zama wanda na'ura ke iya karantawa, ba hoton shafi ba. Take da sunan marubuci da tsakure su kasance a shafin farko. A yi amfani da OJS, manhajar tafiyar da mujalla a intanet, kyauta ce, ita AJOL ma ke aiki da ita. A nemi lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala ta dindindin a intanet, ta hanyar ƙungiyar Crossref ga kowace maƙala, a kuma buƙaci kowane marubuci ya kawo lambarsa ta ORCID, lambar shaidar mai bincike, wadda ke raba Muhammad da Mohammed ko ta haɗa su in mutum ɗaya ne. Tunda al'adarmu a tarihi ita ce zuba madogara a ƙasan shafi, a ƙara jerin manazarta a ƙarshen kowace maƙala, domin shi na'urorin suka fi iya tsinta. Maƙalar da aka rubuta da Hausa a ba ta tsakure na biyu da Ingilishi. A tsaya a kan suna ɗaya da gajeren suna ɗaya. Tsofaffin fitowa kuma a ɗauki hotonsu shafi-shafi tun kafin takardar ta ruɓe. Kuma gara a yi alkawarin fitowa ɗaya a shekara a cika, da a yi na biyu a saɓa.

Rubuta abin da ka samu

Shafi ɗaya ya isa. Sunan mujalla da lambarta, shekarun da ka auna, yawan maƙalu, inda take da rajista, lambobi huɗun nan tare da tushen kowanne da ranar ɗauka, sai sakin layi biyu a kan su wa ke ambatonta da kuma don me. Idan kwamitin ƙarin girma za ka kai wa, ka iya tuna musu da sanarwar San Francisco ta 2012 da ƙa'idojin Leiden na 2015, waɗanda duka suka yi gargaɗi a kan auna aikin mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki. Ka ajiye jadawalin, domin bayan shekara lambobin za su motsa, kuma sabuntawa ba za ta ɗauke ka fiye da awa biyu ba.

Ƙanena ya ajiye shafuka uku a gabansa da yammacin Lahadi, ya daɗe yana kallon su. Ya ce, "Yaya, ni waɗanda nake so su karanta aikin nan su ne masu rubutu a kan Legas da fataucin Hausawa, kuma ga inda suke bugawa." Ya zaɓi ɗaya daga cikin na gida wadda take kan intanet, ya gyara maƙalar bisa tsarinta, ya aika. Bayan wata huɗu aka dawo masa da ita da sharhin masu tantancewa biyu, shafi uku cur. Ɗayansu ya ce hirarrakin suna da ƙarfi amma babu takardun zamanin mulkin mallaka da za su tallafe su, ya nuna masa irin fayilolin da zai nema. Ranar Talata mai zuwa zai hau jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Ibadan, ya yi mako guda a ɗakin adana takardu.